Motar da Ta Ƙi Hanyar Ƙoƙand

Sallama gare ku, ku da kuke haƙurin bin labarin gidana. Wanda ya shigo yau ma bai makara ba, don tun farko maganar ɗaya ce: ana neman auren 'yata, ni kuma na kasa cewa e, na kasa cewa a'a.

Sunana Tohir. Direba ne ni a Margilan, ina jigilar 'yan kasuwa da dilolin yadinsu zuwa kasuwar Kumtepa a wata tsohuwar farar mota da na gada wurin mahaifina. 'Yata Mohira ita kaɗai Allah ya ba mu, ni da uwarta Mukaddas. Shekararta ashirin da uku, tana saƙar siliki a wata masaƙa ta bayan gari. Mai sonta kuwa Doniyor ne, malamin makaranta a Ƙoƙand. Ya kawo ɗalibansa kallon saƙa, yara suka kalli zare, shi ya kalli mai zaren.

Ban taɓa sa shi a ido ba, ban kuma taɓa jin sunansa a bakin Mohira ba. 'Ya ba ta yi wa ubanta irin wannan zance. Abin da ke ranta uwarta take faɗa wa, uwar ta kawo mini tare da butar shayi, amsata kuma ta koma ta wannan hanyar. Faranti ɗaya muke ci, amma maganar Doniyor sai ta bi ta kicin kafin ta iso ni.

Ranar da gwaggonsa da wata dattijuwa suka fara zuwa, ranar ƙanƙarar farko ta sauka. Suka shigo da ƙunshinsu na gurasa da alewa a ɗaure cikin farin ƙyalle, suka ce sun zo share mana ƙofar gida, wanda a wurinmu haka masu neman aure ke buɗe magana. Zuwan farko ana cewa za a yi shawara. A na biyu ana cewa ana bincike. A na uku babu sauran kwana-kwana: ko dai a karya gurasar a gaban kowa magana ta ƙullu, ko a mayar musu da ƙunshinsu a ɗaure yadda suka kawo shi.

Suna fita Mukaddas ta buɗe babban akwatin ɗakinmu, har da 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Ta shiga fito da bargunan auduga da ta yi shekaru tana ɗinka wa Mohira na kayan ɗaki, shuɗi da ruwan goro da mai karan-miski, tana jerawa. Can ƙasa ta zaro wani ɗan ƙarami, ja mai zanen rumman, gefensa duk ya sile. A kansa Mohira ta yi rarrafe, shi take ja har tsakar gida lokacin da ta fara tafiya.

"Wannan kam ya gama aiki," in ji Mukaddas. "Gobe in farke shi, audugar ta yi matashin kai."

"Kawo shi nan. Mota na so."

"Mota kuma, Baban Mohira?"

"Ƙyallen ulun da nake rufa wa inji ya mutu. Kin ga ƙanƙara ta fara."

Ba ƙarya na yi ba. Duk mai tsohuwar mota a garin nan yana rufa wa injinsa wani abu da sanyi, ya mayar da bonet a kai, don kada inji ya huce yana jiran fasinja. Sai dai ba don haka kaɗai na karɓe bargon ba. Almakashin ne ban so in gani a jikinsa ba. Na ninka shi biyu, na janye shi daga ɓangaren salansa saboda wuta, na kwantar da shi a kan inji, na danna bonet har ya kama.

A ranar na yi istihara, na roƙi Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Amma ni mutum ne mai gaggawar zuciya. Na roƙa, sannan na tashi ina baza kunne, ina jiran a nuna mini.

Washegari na tsaya a danja, na ɗage ƙafata daga totur. Motata in tana tsaye a silo, wato inji na aiki ba a taka mata komai ba, muryarta kamar ta kyanwa ce mai barci. Ran nan sai ta ƙi sauka. Ta dinga ruri kamar bijimin da aka ɗaure nesa da ruwa. Na taɓa totur na saki, ta ɗan lafa, ta sake ɗauka. Na zo sa giya, ta yi wani kartar ƙarfe da ya sa matar da ke baya ta rungume dilarta.

"Tohir-aka, jirgin sama muka hau ne?" in ji ta. "Aka" ɗin nan girmamawa ce a wurinmu, kamar a ce Yaya.

Ina sauke su na wuce garejin Usta Ergash. Tare muka yi firamare da shi, shi ya sa ba ya raga mini. Na same shi zaune kan tsohuwar taya, ya rungumi kofin shayi da hannu biyu.

"Yau kuma me tsohuwar ta yi? Ko kai ne ka yi mata?"

"Silo ya ƙi sauka. Saurara ka ji."

Ya ji kuwa, don a lokacin tana kan rurin. Ya ajiye kofi, ya ɗaga bonet, ya fizge bargon ya cilla shi kan rufin mota ba tare da ya ko kalle shi ba, yadda yake yi wa kowace mota da sanyi. Ya sunkuya. Kafin ya kai hannu ko'ina, injin ya sauka lakadan.

"Ka gani? Tsorona take ji. Kai ne ta raina."

Duk da haka ya duba. Ya ce in ja cok, abin da ke toshe wa inji iska in za a tayar da shi da sanyi, in mayar, ya leƙa bakin kafireta ya ga murfin yana buɗewa sosai, bai maƙale ba. Ya ɗauki guntun tiyo ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana bin jikin inji da shi.

"In akwai inda take satar iska, zan ji tana tsaki," ya ce. "Iskar da ta shiga ta bayan fage ita ke haukata silo. Yi shiru mana, numfashinka ya fi na motar ƙara."

Bai ji tsaki ba. Ya matse ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa, muryar injin ba ta canza ba. Ya tura sandar totur da hannu ya saki, ta koma da kanta tsaf, sifirin ɗinta da ƙarfinsa.

"Motarka ta fi ka lafiya, Tohir. Je ka sha magani kai."

Na mayar da bargona, na rufe bonet, na tafi. Ban kai kasuwa ba ta ɗauka.

Bayan zuwansu na biyu, bincike ya hau kaina. Na sa jabbata mai auduga da hulata baƙa mai farin zane, na kama hanyar Ƙoƙand, tafiyar sa'a ɗaya da ɗoriya. Ga wasu wannan ba nisa ba ne. Ni kuwa tun Mohira na goye burina in ba da ita a unguwarmu, inda in an toya samosa a gidana za ta isa gidanta da zafinta.

Na zauna a gidan shayin unguwarsu kamar baƙon da ya ɓata hanya. Tsofaffin da ke wurin ba yara ba ne, kallo ɗaya suka yi wa sabuwar hulata suka gane.

"Ɗan gidan Nabijon kake tambaya? Marayan da baffansa ya riƙe? Sai dai in ba ka son mai yawan karatu."

"Yana sha?" na ce.

"Shayi, kamar raƙumi."

"Faɗa fa?"

"Da wa? Kare ma in ya tare masa hanya sallama yake yi masa."

Mai gasa gurasa ya yabe shi, mai aski ya yabe shi. Na fito raina a jagule, don, Allah ya gani, aibu na je nema ban samu ba. Na ce bari in bi ta layinsu in ga ƙofar gidan. Ina karya kwana na rage gudu, motar ta kwarma wani ihu da ba ta taɓa yin irinsa ba. Tattabaru suka watse daga kan rufi. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga. Na taka birki tana ja, kamar mai son ta gudu da ni daga wurin.

Na ce a raina, Tohir, me kuma kake jira a nuna maka? Washegarin ranar da suka fara zuwa ta fara. Bakanike ya duba bai ga komai ba. Yau a ƙofarsu ta fi kowace rana. Motar mahaifinka ce, ba ta taɓa yi maka ƙarya ba.

Ku da kuke karatu za ku ce ai a hanyar Kumtepa ma tana yi. Tana yi. Amma wannan ban sa shi a lissafi ba.

Na koma wa Usta Ergash. Wannan karon ya kwance kafireta gaba ɗaya, ya wanke, ya hura 'yan ƙofofin da mai ke bi, ya canza fakin, wato 'yar shimfiɗar da ke hana iska shiga ta ƙarƙashinta, ya goge fulogi. Mota na ta barcin kyanwarta a gabansa, bargo na kan rufi.

"Rage mata silo," na ce.

"Daidai yake."

"Rage dai."

"Motarka ce, kukanka ne." Ya juya sukurun kaɗan.

Abin da na jawo wa kaina ke nan. Daga ranar sai ta zama iri biyu: a wannan danjar ta yi ruri, a ta gaba ta yi kakari ta mutu, masu motocin baya su cika ni da oda. Da na sake komawa, Usta ya ɗaga hannu sama.

"Wannan ya fi ƙarfin sifana. Ka ce uwar gida ta yi mata hayaƙi."

Da wasa ya faɗa, amma Mukaddas ba ta ɗauke shi wasa ba. Da safe na fito na same ta da kaskon garwashi da busasshen ganyen maganin kambun baka, tana zagaya motar. Na yi tari har Kumtepa. Motar ma ba ta fasa nata ba.

Da yamma ta kawo mini shayi, ta zauna tana juya wayarta a hannu.

"An ce a ce maka, wai ko a duba tiyon da ke zuwa wurin birki. Wai shi ma yana shan iska."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

"Mai cewar yana da mota?"

Ta gyara ɗankwalinta. "Keke gare shi."

Ta miƙo mini wayar. Saƙo ne ya biyo hannu uku, daga shi zuwa Mohira, daga Mohira zuwa uwarta. Dogo ne, har da hoton inji da ya zana da hannu ya ja kibiyoyi. A ƙarshe ya rubuta: "Ni ban san mota ba, karantawa na yi. In duk an riga an duba, a yi mini afuwa. Na ji an ce kwanan nan Baba ba ya cin abinci sosai saboda motar."

Duk abin da ya lissafa Usta ya riga ya duba. Amma layin ƙarshen nan sai da na sake karanta shi. Da yaron banza ne da na ji sauƙi.

"Jibi za su zo," in ji Mukaddas. "Har da baffansa Nabijon. Me zan dafa, me zan ce?"

"Ki dafa abin da ake dafa wa baƙi. Ƙunshin kuma kada ki kwance shi."

Ta ajiye butar a hankali. "Me aka ce maka a Ƙoƙand?"

"Alheri."

"To?"

Na faɗa mata komai: istihara, ranar farko, ihun ƙofar gidansu.

"Baban Mohira, shekara nawa muna tare ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Amma ni a iya sanina, in mutum ya yi istihara binciken yake yi, ya ga inda Allah ya sauƙaƙa. Ban taɓa jin an ce a je a saurari salansa ba."

"Ke ba ki ji yadda ta yi ba."

"Na ji yadda 'yarka take yi. Ɗakinta na jikin kicin."

Ta kwashe kofuna ta fita. Ban canza magana ba.

Washegari da sassafe ina share ƙanƙara a gilashi wayata ta yi ƙara. Mohira ce, daga cikin gida, taku kaɗan tsakaninmu.

"Baba, ƙanƙara ta yi yawa, bas ba zai zo da wuri ba. Za ka sauke ni a wurin aiki?"

Na rubuta: "Fito."

Ta fito cikin rigar siliki mai ruwan ganye da rawaya, saƙar hannunta, ta ɗora baƙar kwat a kai, farin gyale mai kauri a kanta. Ta sa kwalli fiye da yadda ta saba, na kuma san abin da take rufewa da shi. Ta shiga gaba ta ɗora jakarta a cinya. Muka kama hanya, tayoyi na ƙara a kan ƙanƙara.

A mashigar jirgin ƙasa aka sauke mana sanda. Na ɗage ƙafa, motar ta ɗauka. Har sitiyari na rawa a hannuna. Na ji kunya, na kuma ji wani abu kamar daɗi, don ga shaida a gabanta.

Ta karkata kai tana saurare. "Baba, ƙafarka na kan totur?"

"Ga ta nan a ƙasa."

"Totur ɗin ya dawo sama duka?"

Na sa bakin takalmi a ƙarƙashinsa na ɗago. Ya ɗan motsa, ƙarar ta ragu kaɗan.

"In mun tsallaka ka tsaya a gefe. Ina so in gani."

"Usta Ergash ya gani har ya gaji, 'yata."

"Ni ban gani ba."

Na tsaya a gindin wasu itatuwan tut, masu ganyen da tsutsar siliki ke ci, da aka sare wa kai. Na bar ta a kunne tana rurinta, muka fito. Na ɗaga bonet, na kai hannu na ɗauke bargon. Wani ɗan ƙas ya yi, injin ya sauka.

"Kin gani? Haka take yi. Da an buɗe sai ta yi lum kamar ba ita ba."

Mohira ba injin take kallo ba. Abin da ke hannuna take kallo.

"Baba, wannan ai bargona ne."

Na rasa inda zan sa idona. "Uwarki za ta farke shi. Na ga inji na bukata."

Ta karɓa ta warware shi. Rumman ɗin duk sun yi baƙi da hayaƙi. A tsakiyar ninkin akwai wani dogon layi na baƙin mai, ya lotsa, har yadin ya fara cinyewa auduga na leƙowa. Ta bi layin da yatsa, sannan ta leƙa injin, ta nuna siririyar sandar ƙarfen da ta ratsa ta samansa zuwa kafireta.

"Wannan ce ke motsi in ka taka?"

"Ita ce."

"A wurinmu in na taka matakin masaƙa ya ƙi dawowa, ba na kwance masaƙar. Dubawa nake yi in ga me ya kwanta a kan igiyar. Yawanci gyalena ne." Ta rungume bargon a ƙirji. "Rufe ba shi, ka taka mu ji."

Na rufe bonet, na shiga na taka totur sosai na saki. Ta hau, ta sauko, ta ma nemi mutuwa saboda sukurun da na sa aka rage. Na sake, haka. Mohira ta ninka bargon biyu yadda ta same shi, na buɗe ta shimfiɗa, na danna bonet. Na taka na saki. Ruri.

Na kashe motar.

Tsohon ƙyallena siriri ne, shekara da shekaru bai taɓa kai wa sandar ba. Wannan kuwa auduga ce ninki biyu, bonet na danne shi a kanta. In na taka sai ta tafi, in na saki ta kasa dawowa duka. In mota ta yi tsalle a rami ya gusa, ta samu sauƙi ko ta ƙara maƙalewa, kuma layin su Doniyor duk ramuka ne. Duk wanda ya zo dubawa kuwa, abu na farko da yake yi shi ne ya ɗauke ciwon da hannunsa ya ajiye a kan rufi.

Muka koma cikin mota, bargon na kan cinyarta. Ban tayar ba. Tana kallon gaba, ina kallon gaba.

"Baba," ta ce, muryarta can ƙasa, "ashe motar ba ta ƙi hanyar Ƙoƙand ba."

Tunda aka fara maganar nan, ranar ce ta farko da ta ambaci sunan garin a gabana. Kunnuwanta har sun yi ja.

"Haka na gani," na ce.

"In akwai wani dalilin, ban ce komai ba. Abin da ka yanke shi ne. Amma in wannan ne…" Ta shafa lotsattsen layin. "Wannan nawa ne, Baba. Ba nasu ba ne."

Na so in ce mata da nisa. Na so in ce gidan zai yi mana girma, ni da uwarta, da itacen inabi da babu mai tsinka. Abin da ya fito daga bakina shi ne: "Can sun fi mu iska da sanyi. Ki ce uwarki ta ƙara auduga a bargunan."

Ta rufe fuskarta da gyale. Na tayar da mota, don in na ƙara minti ɗaya a wurin ni ma gyalen zan nema.

Da na koma wa Usta Ergash ya gyara mini sukurun, na ba shi labari, sai da ya zauna a kan tayarsa don dariya.

"Ni da hannuna! Kullum ni nake cire shi! Kai kuma wa ya ce ka rufa wa inji auduga? So kake ka gasa fasinja? Nemo ulu siriri kamar kowa." Ya share hawaye. "Wa ya gano?"

"Mohira."

"To duk wanda ya same ta ya huta da zuwa gareji. Ka ba shi, kada ka yi masa rowa."

Ranar zuwansu Mukaddas ta dafa shinkafa da karas da naman rago, ƙamshi har bakin titi. Aka shimfiɗa sababbin barguna a ɗakin baƙi. Nabijon dattijo ne siriri mai farin gemu, yana magana yana kallon ƙasa. Aka sha shayi, aka tambayi lafiyar kowa har da ta itatuwa. Ƙunshin na tsakiyar shimfiɗa a ɗaure. Mukaddas na tsaye a bakin ƙofa, ban faɗa mata komai ba tun ranar, hannunta na murza gefen rigarta.

"To, Tohir-aka," in ji Nabijon, "mun zo har sau uku. Mu koma da kayanmu, ko mu koma da farin ciki?"

Na jawo ƙunshin gabana. Na kwance shi, na ɗauko gurasa biyu a haɗe na miƙa masa da hannu biyu, don shi ne babba a wurin. Ya yi bisimilla ya karya. Aka shafa fatiha. Daga kicin na ji wani abu ya faɗi, kamar murfin tukunya, sannan na ji kukan mata biyu a haɗe da dariya.

Da suka tashi na ce ni zan kai su tasha. Na tarar da jan bargon a kujerar direba, an wanke shi, an ɗinke inda ya cinye da zaren siliki. Wayata ta yi ƙara.

"Na zama ne, Baba, ba na inji ba. In ka dawo akwai maganar da nake so in faɗa maka da bakina, ba ta bakin Mama ba."

Na zauna a kai, na sa wayar a aljihu. Matan na baya, Nabijon na gefena. Mota na tafiya kamar an shafa mata mai. A danjar kusa da tasha muka tsaya, tana ta barcin kyanwarta, har ina jin alfahari.

Nabijon ya yi gyaran murya. "Tunda mun zama ɗaya, gara ka ji daga gare ni. Takardar jiya ta iso, ban so in haɗa ta da maganar gurasa ba. An ba Doniyor aikin koyarwa a Nukus. In an yi biki da kaka, can za su zauna."

Nukus. Ƙarshen ƙasa, bayan duwatsu, bayan hamada. Kwana da wuni a jirgin ƙasa.

Injin ya kwarma ihu. Matan baya suka yi salati. Nabijon ya dafe gaban mota.

"Subhanallahi! Ciwon nata ne ya dawo?"

Na sunkuya na duba ƙasa. Na daɗe ina kallo.

"A'a," na ce. "Wannan karon ƙafata ce."

Na ɗage ta a hankali. Injin ya sauka. Danja ta ba da hannu, na sa giya.